Ranar Da Na Ce Wa Babana Yallaɓai

Wata goma sha ɗaya na yi ina aikin mishan a Dandalin Haikali da ke birnin Salt Lake kafin babana ya zo, kuma a duk tsawon lokacin nan ban taɓa yin ƙarya a kansa ba. Haka dai nake gaya wa kaina. Idan muka zauna cin abincin rana kowace sista, wato 'yar mishan irina, tana ba da labarin gidansu, sai in ce babana yana koyar da yara a makarantar Lahadi. Ya koyar ɗin kuwa, ina da shekara huɗu. Shekarar ce kawai ban ga dalilin faɗa ba.

Gaskiyar magana, Verl Tolman direban tirela ne. Dankali yake ɗauka daga garinmu Arimo a jihar Idaho ya kai duk inda aka tura shi. Taba kwali guda yake sha a rana, gahawa kuwa kamar ruwa, kuma ko yaron goye a majami'armu ya san an hana mu su biyun. Tun ina ƙarama ya daina shiga coci. Kowace Lahadi zai kai mu ni da mamata har bakin ƙofa, ya zauna cikin mota da jaridarsa har a tashi. Mamata ta rasu ina da shekara sha biyar, ya ci gaba da kai ni ni kaɗai.

A cocinmu aure iri biyu ne. Akwai wanda mutuwa ke rabawa, akwai wanda ake ɗaurawa a cikin haikali, ɗakin ibadarmu mafi tsarki, wanda ke haɗa miji da mata da 'ya'yansu har bayan mutuwa. Na iyayena irin na farko ne. Ni kuma aikina shi ne in tsaya gaban baƙi, wani lokaci sau takwas a rana, in yi musu bayanin na biyun da murmushi. Kuma na iya. Har shugabanninmu sukan turo sababbin sistoci su tsaya su ji yadda Sista Tolman ke bayani, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Abokiyar aikina a lokacin ita ce Sista Fifita, 'yar tsibirin Tonga, doguwa kakkaura mai dariyar da ake ji daga ƙofar kudu har ta arewa. Ita mahaifinta aladunsa ya sayar kaf don ya kai iyalinsa haikali a wata ƙasa a ɗaura musu irin na biyun. Wa zai buɗe baki ya ba mai irin wannan uba labarin taba da gahawa? Dokar mishan kuwa ita ce kada ki rabu da abokiyar aikinki. Dole tana ganinki tana jin muryarki, dare da rana, in ban da banɗaki. Wata huɗu muna kwana ɗaki ɗaya muna durƙusa addu'a tare, ta san ina munshari, ta san ba na cin kifi, amma ba ta san ko wane ne ubana ba.

Wata Talata ce a watan Yuli, wajen ƙarfe biyu, rana ta take. Muna tsaye gindin sandar tuta inda baƙi ke taruwa. Mun samu wata mata daga Ohio da 'ya'yanta mata biyu, da wani tsoho Bajamushe da matarsa. Har za mu fara sai Sista Fifita ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Sista, kalli baban can. Tun ɗazu yake zagaye kamar wanda ya yar da makulli. Bari in kamo shi kafin ya gudu."

Na juya. Shuɗiyar rigar aiki mai tabon baƙin mai a ciki, hular kamfanin taki da ta koɗe, kofin takarda na gahawa a hannu. A tsakiyar dandalin nan da ba a barin ko ganye ɗaya a ƙasa, tsakanin furanni da mutane masu fararen riguna, ga babana yana murmushi da haƙoransa da taba ta rina. Rabona da jin muryarsa tun Kirsimeti, don sau biyu kawai ake barin mu kira gida a shekara. Na sha yin kuka cikin bargo saboda kewarsa. Amma da na gan shi, ba murna ce ta fara zo mini ba. Abin da ya fara zuwa shi ne, wayyo, kofin nan.

Sista Fifita ta jawo shi kamar ta san shi shekara goma.

"Baba, zo ka shiga cikinmu, kyauta ne, ba ma cizo. Daga ina?"

"Idaho," ya ce, idonsa a kaina.

"Kai! Ga 'yar ƙasarku nan. Sista Tolman, ba ki gaida mutumin garinku? Ƙila ma kun san juna."

Duk baƙin suka juyo suna kallona. Matar Ohio ta kalli kofin, ta kalli rigar, ta ɗan ja 'yarta gefe saboda warin taba.

"Idaho ai da faɗi," na ce. Na miƙa hannu kamar yadda muke yi wa kowane baƙo. "Sannu da zuwa, yallaɓai."

Ya mayar da kofin hannun hagu, ya goge na dama a wando, ya kama nawa.

"Sunana Verl," ya ce. Bai ƙara da Tolman ba.

Na yi gaba da sauri ina zuba bayani, su kuma suka biyo ni. A bayana ina jin Sista Fifita tana jan sa da hira. Ya ce mata kaya ya sauke a kudancin gari, ya ajiye kan motar can yamma wajen layin dogo ya tako da ƙafa, don ba a barin irin motarsa a tsakiyar gari. Ya ce ƙarfe huɗu zai kama hanya.

A ƙofar tsohon zauren taro ta tsayar da shi.

"Baba, abin hannunka ba zai shiga ba fa. Ba don mun tsane shi ba, ko ruwan lemo ne haka za mu ce."

"Af, yi haƙuri, yi haƙuri." Ya yi ta waige-waige yana neman kwandon shara, ya rasa, sai ya kafa kai ya shanye sauran a tsaye. Bajamushen ya yi dariya. Ni kuwa na ji kunnuwana sun yi zafi.

A zauren nan akwai abin da muke nuna wa kowa. Sista ɗaya ta tsaya da baƙi can baya, ɗaya ta hau mumbari ta saki allura a kan katako, kuma saboda yadda aka gina rufin, sai a ji faɗuwarta har ƙarshen ɗaki. Ni na zaɓi in hau, don in yi nisa da shi. Na ɗaga allurar, kowa ya yi tsit. Sai ya yi tari. Tarin nan na masu taba, mai tono ƙirji, wanda na girma ina ji ta bango kowace asuba. Rufin ya ɗauke shi ya kai ko'ina. Wasu sistoci biyu da ke can gefe da nasu baƙin suka waiwayo. Na jira ya gama, na saki allurar.

Ya tafa. Shi kaɗai, da ƙarfi, da manyan hannuwan nan nasa.

"Kun ji? Kun ji ta?" yake ce wa Bajamushen. "Daga can fa! Yarinyar nan ta iya."

Sakin allura ne fa, ko akuya aka koya wa za ta yi. Amma haka yake tun ina firamare, in na karanta layi ɗaya a taron makaranta sai ya miƙe tsaye. Na sauko ban kalli inda yake ba.

Muka ƙarasa gaban haikali. Matar Ohio ta yi tambayar da kowa ke yi, me ya sa ba a barin baƙi su shiga. Na ba ta amsar da na haddace, na zarce da maganar aure na har abada, na ce babu abin da ya fi wannan daɗi a bangaskiyarmu, iyali ba sa rabuwa. Bakina yana yi, zuciyata tana wani wuri. Sai na ga ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Sista, ina da tambaya."

"Ina jin ka, yallaɓai."

Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Idan mutum, a ce dai wani mutum, matarsa ta yi ta roƙonsa shekara da shekaru su shiga ciki, shi kuma yana ta cewa sai baɗi, sai baɗi. Har ta rasu. To shi ke nan? An rufe?"

Shekara bakwai da rasuwar mamata, ban taɓa jin ya ɗauko zancen nan ba. Ko sunanta ba ya iya faɗa sai ya tashi ya fita waje. Ya rasa inda zai yi tambayar sai nan, a gaban Jamusawa, don nan ne aka ce 'yarsa ke amsa tambayoyi. Kuma na san amsar. Na ba da ita ga baƙin da ban taɓa gani ba, har wasu suka yi hawaye suka rungume ni. Na sa hannu a aljihun jakata na zaro katin da muke ba baƙi.

"Tambaya ce mai kyau, yallaɓai. In ka rubuta sunanka da adireshinka a nan, za a turo maka 'yan mishan na yankinku su yi maka bayani."

Sista Fifita ta kalle ni kamar na zagi wani. Ta matso ta tsaya gabansa.

"Baba, ba a rufe ba. Ko kaɗan. Ana ɗaura wa mai rai da wadda ta rasu, ana yi kullum a cikin ginin nan. Sai dai kai ne za ka shirya, kuma shirin ba na kwana biyu ba ne."

"Taba," ya ce.

"Taba, da wancan da ka shanye ɗazu kamar magani."

Ya yi dariya har tarin ya dawo. Ta jira shi.

"Kuna da 'ya'ya da marigayiyar?"

"Ɗaya. Mace."

"To har da ita za a haɗa ku. Tana ina yanzu?"

"Tana aiki," ya ce. Ya kalli ƙasa. "Aiki mai kyau take yi."

Ya karɓi katin daga hannuna, ya ninke shi biyu ya sa a aljihu bai rubuta komai ba. Ya gaisa da kowa, har da 'yan matan Ohio da suka ba shi kan yatsu. Ya gode wa Sista Fifita, ya gode mini, ya sa hularsa ya nufi ƙofar yamma. Ina kallon bayansa, da ɗingishin nan da zaman mota ya sa masa, har ya fita.

"Me ya same ki yau?" in ji Sista Fifita bayan baƙin sun watse. "Mutum ya kawo miki zuciyarsa a hannu, kin ba shi kati? Ko azumi kike yi ban sani ba?"

Agogo ya nuna uku da kwata. Ƙafafuna suna so su bi shi. Da ni kaɗai ce da na ruga, na same shi, na dawo, babu wanda zai sani, labarin makarantar Lahadi ya zauna yadda yake. Na ma yi tunanin in ce zan shiga banɗaki in sulale ta ɗaya ƙofar. Har wannan na yi tunani, Allah ya gani. Amma layin dogo ba nan kusa ba ne, kuma kafin minti biyar za ta fara nemana. Ba yadda zan je wurinsa sai da ita, ba kuma yadda za ta bi ni sai ta ji dalili.

"Babana ne," na ce.

"Wa?"

"Mutumin. Verl Tolman. Babana ne."

Ta kalli bajon da ke ƙirjina mai ɗauke da sunana, ta kalli ƙofar da ya fita.

"Mai koyar da yara?"

"Ya daina tun ina shekara huɗu."

"Sau nawa na ce masa Baba yau?" Muryarta ta yi ƙasa, abin da ya fi tsawa ciwo. "Ni da ban haɗa komai da shi ba. Ke kuma yallaɓai. Yallaɓai, Sista?"

Na fara kuka, irin mai majina, a tsakiyar dandali.

"A'a, ajiye wannan, ba mu da lokacinsa. Wuce mu tafi."

"Ba mu nemi izinin fita ba."

"Zan kira shugabanninmu muna tafiya. In za a yi faɗa a yi da ni, na fi ki faɗin baya."

Muka fita da dogayen siket da takalman coci, muna rabin gudu rabin tafiya. Titunan garin nan kowane ɗaya kamar filin ƙwallo, ga fitilun hanya duk sun haɗa baki sun tsaya a ja. Sista Fifita tana waya tana haki tana cewa, "Eh, gaggawa ce ta iyali. Eh, iyalin yana nan da ƙafarsa." Ni kuwa ina ta shirya abin da zan ce masa, kowace jimla na ɗauko sai ta zube.

Muka same shi a wani fili mai tsakuwa bayan wani tsohon sito. Yana zaune a matakalar motarsa yana shan taba. Da ya hango mu ya miƙe zumbur, ya jefar da ita ya take, yana kore hayaƙin da hannu kamar yaron da aka kama.

"Sistoci, lafiya? Na manta wani abu ne?"

Har a nan yana rufa mini asiri.

"Baba," na ce. "Ta sani. Na gaya mata."

Fuskarsa ta saki gaba ɗaya. Ya buɗe hannuwa, sai kuma ya tsaya ya kalli Sista Fifita.

"An yarda?"

"Baba, in ba ka rungume ta ba ni zan rungume ka, kuma ni ce ba a yarda ba."

Ya rungume ni. Warin taba da man inji da sabulun wanka na tashar mota. Na cusa fuskata a rigar da ɗazu nake jin kunyarta. Sista Fifita ta matsa can gindin wata sandar lantarki, inda take ganinmu, ta juya tana karanta wani allon talla kamar an ba ta jarrabawa a kai.

"Sharlene," ya ce. Tun Kirsimeti ban ji sunana a bakin kowa ba. "Kada ki damu, na san bai kamata in zo ba. Na san dokarku, ba a ziyara. Na ce zan tsaya daga nesa in gan ki kawai in wuce, abokiyarki ce ta jawo ni." Ya riƙe kafaɗuna yana dubana. "Amma kin burge ni. Da kika ce mini yallaɓai, na ce a raina, ka ga yarinyar da ta riƙe doka. Ubanta a gabanta, ko gezau. Mamarki ce sak. Ni da tuni na rushe."

Ga ƙofa ya buɗe mini, faɗinta ya kai na motarsa. In yi shiru kawai, ya koma Arimo yana ba abokansa labarin 'yarsa mai riƙon doka. Na kalli Sista Fifita. Ba ta juyo ba, amma na san kunnenta yana nan, dokar ma ta ce sai tana jin muryata.

"Baba, an ce kada iyaye su zo ziyara, gaskiya ne. Amma babu dokar da ta ce in sun zo a yi kamar ba a san su ba."

"Babu?"

"Babu. Watan jiya mahaifiyar wata sista ta zo, a gaban kowa suka rungume juna, ba wanda ya ce komai."

"To me ya sa..."

Bai ƙarasa ba. Na ga lokacin da abin ya isa gare shi. Hannuwansa suka sauka daga kafaɗuna a hankali. Ya kalli tabon man da ke cikin rigarsa, ya kalli faratansa, ya kalli guntuwar tabar da ya take a ƙasa. Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da na samu abin riƙewa.

"Ka yafe mini, Baba. Ka yafe mini."

Ya gyaɗa kai, ya yi ta gyaɗawa. Ya juya ya buɗe ƙofar motar kamar zai hau, sai ya tsaya. A bayan kujera, rataye a jikin ƙugiya, akwai farar riga mai dogon hannu, sabuwa, da baƙin laktaye an riga an ɗaura shi.

"A garin Pocatello na saya," ya ce, bai juyo ba. "Kwana uku tana rataye, duk ta yamutse a hanya. Na sa ta ɗazu na duba madubi, na cire. Na ce kada in je haka in ba ki kunya."